Ƙuduji, Kauci da Gawo: Zaman Tare Tsakanin Tsirrai da Makomar Gonakinmu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya sake tara mu a wannan gari namu cikin ƙoshin lafiya. Muna kuma godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ba mu wannan dama, ko da yake a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi mu sanin gona nesa ba kusa ba. Batun da aka ɗora mana shi ne tsirran da ke rayuwa a jikin 'yan uwansu tsirrai, da irin zaman da ke tsakanin halittu a gona da daji.

Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa ma'aikacin ofis a Abuja ko ɗan kasuwa a Legas da zancen ciyawa? Abin da ya haɗa su shi ne buhun gero da na wake da ake saka masa a mota kowace kaka, da gonar gado da ya bari a hannun ƙaninsa, da kuma wayar da ake buga masa a tsakiyar damina cewa rumbu ya ƙare. Abu guda muke son mu tabbatar a yau: ƙudujin da ya addabi gonakinmu alama ce ta ƙasar da aka daɗe ana ci ba a mayar mata da komai, kuma mu mazauna birni muna da hannu a cin, saboda haka muna da haƙƙi a gyaran.

Zaman Tare Iri Uku

Babu wata halitta da Allah ya yi ta zauna ita kaɗai. Masana sun kasa zaman da ke tsakanin halittu gida uku. Na farko shi ne wanda kowa ke amfana, wato cuɗe ni in cuɗe ka, kamar kudan zuma da fure: ta sha zaƙinsa, ta ɗauki garinsa ta kai wa wani furen, ice ya yi 'ya'ya. Na biyu shi ne wanda ɗaya ke amfana, ɗayan bai ci riba ba kuma bai yi asara ba, kamar balbela da ke bin garken shanu tana tsintar fara da ƙwarin da kofatansu suka tayar. Na uku shi ne wanda ɗaya ke ƙoshi ɗayan na ramewa, kamar kaska a jikin sa.

To, tsirrai ma suna da tasu kaskar. An ƙiyasta cewa akwai ire-iren tsirrai kimanin 4,500 a duniya masu irin wannan rayuwa, wato kusan ɗaya cikin ɗari na dukkan tsirrai masu fure. Abin da ya haɗa su duka shi ne wata gaɓa ta musamman da suke kafawa a jikin wani tsiro, kamar yadda wanzami ke kafa ƙaho, su huda ɓawo su kai ga jijiyoyin da ruwa da abinci ke bi, su riƙa zuƙa. Da wannan gaɓa ake gane su. Yaɗiya tana hawa ice amma da saiwarta take ci. Gamji da ceɗiya kan tsira a wuyan giginya har su rungume ta, wani lokaci su shaƙe ta, amma su ma saiwoyinsu ƙasa suke nema. Waɗannan masu jingina ne kawai. Masu tsotso na gaskiya da suka fi damunmu su biyu ne: ƙuduji a ƙarƙashin ƙasa, da kauci a kan reshe.

Ƙuduji, Ɓarawon Ƙarƙashin Ƙasa

Wasu na ce masa ƙuduji, wasu wuta-wuta, wasu gaugai. Sunansa a wurin masana shi ne Striga, kalmar Latin mai ma'anar mayya. Abin sha'awa ne yadda iyayenmu da masanan suka lura da abu ɗaya: dawa tana tsumburewa, ganyenta yana ƙonewa kamar an bi shi da wuta, alhali ga ruwa a ƙasa, kuma ba a ga abin da ke cin ta ba. Sai daga baya furen nan mai kyau, ja-ja mai ruwan hoda, zai fito ya rufe gona kamar an shimfiɗa zane. Wannan shi ne mai kama dawa da gero da maiwa da masara. Akwai kuma ɗan uwansa gajere, mai ƙananan ganye kamar ɓawon kifi, wanda ke kama wake.

Ƙwayar ƙuduji ƙarama ce kamar ƙura, ba ta kai rabin milimita ba. Tushe ɗaya kan zubar da ƙwaya dubu hamsin ko fiye, kuma ƙwayar na iya kwanciya a ƙasa shekara goma ko fiye tana nan da ranta. Saboda ƙanƙantarta, guzurin da ke cikinta ba ya wuce na 'yan kwanaki. In ta tsira babu saiwar hatsi kusa da ita, mutuwa za ta yi. Don haka ba ta tsira da ruwan sama kawai kamar sauran ciyayi. Da farko sai ta sha danshi da ɗumi na mako ɗaya zuwa biyu. Bayan nan sai ta zauna jira har ta ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa cikin ƙasa. Da ta ji shi sai ta fid da ɗan zare, ta laluba 'yan milimitoci, ta kama saiwar, ta kafa ƙahonta.

Daga nan zai yi wata guda ko fiye a ƙarƙashin ƙasa, fari fat, ba shi da abin ci sai abin da ya zuƙa. A wannan lokaci ne ake yin mafi yawan ɓarnar. Kafin manomi ya ga kansa ya leƙo, tuni dawa ta sha wuya. Ko bayan ya fito ya yi koren ganye, ba ya sakin saiwar. Ƙofofin numfashin ganyensa a buɗe suke har a lokacin da dawa ta rufe nata don tattalin ruwa, saboda haka ruwan da ta jawo da ƙyar wajensa yake gangarawa. Shi ya sa a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci ɓarnarsa ta fi tsanani, har gona ta tashi a tutar babu.

Akwai darasi babba a nan. Wanda ya tuge ƙuduji bana ba amfanin bana ya ceta ba, na baɗi da na shekaru masu zuwa ya ceta. Wanda kuma ya bar shi ya zubar da ƙwaya saboda ya riga ya yanke gero, to ya ajiye wa 'ya'yansa gadon wahala a cikin ƙasa, ya kuma raba wa maƙwabta, domin iska da ruwa da kofaton dabbobi da garma duk suna kwasar ƙwayar nan. Hatta irin shuka da aka sussuka a ƙasa aka sayo a kasuwa yakan zo da ita.

Me Ya Sa Hatsi Ke Kiran Maƙiyinsa?

Ga tambayar da ta daɗe tana damun masana: don me tsiro zai fitar da abin da zai jawo masa halaka? A shekarar 1966 wasu masana a Amurka suka fara ware wannan sinadari daga saiwar auduga, suka sa masa suna sitirigol. Amma amfaninsa ga tsiron da ke fitar da shi bai bayyana ba sai a 2005, lokacin da masana a Japan suka gano cewa ba ƙuduji ake kira ba sam. A cikin ƙasa akwai wasu ƙananan halittu dangin funfuna da naman gwari, masu jiki kamar zaren gizo-gizo, waɗanda ke shiga saiwar tsiro su zauna lafiya. Zarensu yana ratsa ƙasa zuwa inda saiwa ba ta kaiwa, su kwaso mata ruwa da sinadarin fosfaras, wato abin da muke saye a buhun sufa, ita kuma ta biya su da zaƙin da ganyenta ya haɗa. Waɗannan aminai ne hatsi ke kira. Ƙuduji laɓe ya yi yana sauraro, ya ji kiran da aka yi wa wani ya amsa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, bincike ya nuna cewa gwargwadon yunwar tsiro, gwargwadon ƙarfin kiransa. Dawar da ke cikin ƙasa mai taki kaɗan take fitar da sinadarin. Wadda ke cikin ƙasar da ta gaji, ba fosfaras ba naitirojin, ita ce ke kwarmata kira, ƙwayoyin ƙuduji kuwa su farka rututu. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kimiyya ta zo ta gaskata abin da kowane tsohon manomi ya sani, cewa ba a cika ganin ƙuduji a gindin juji ko a tsohon mashekarin shanu ba, sai a gonar da ta tsufa.

Yanzu sai mu tambayi kanmu, yaya aka yi gonakinmu suka gaji? A da, in gona ta yi rauni sai a bar ta saura ta huta shekaru. Yau jama'a ta yawaita, rabon gado ya yayyanka gonaki, babu mai halin barin ko kunya ɗaya. A da, makiyaya kan sauka a gona da rani bisa yarjejeniya da mai ita, shanu su ci kara su bar taki. Wannan zumunci ya yi rauni, a wurare da dama ma ya koma gaba. Yau da an girbe sai a kwashe kara da harawa har da tushiya, wasu a ƙona a murhu, wasu a loda a mota a kai birni don masu kiwon gida. Hatsi ya tafi birni, kara ya tafi birni, gawayi ya tafi birni. Me ya dawo? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba haka abin yake a ko'ina ba. Manoman karkarar da ke kewaye da birnin Kano sun yi shekaru aru-aru suna noma gona ɗaya ba hutu, ba ta mutu ba. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazarin wannan yanki a shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace da kayan gona su fito da mangalar taki da toka da shara. Birni yana ci, yana kuma mayarwa. Wannan ma zaman cuɗe ni in cuɗe ka ne, tsakanin birni da ƙauye.

Kauci, Baƙon da Ke Bisa Reshe

Mu ɗaga kai sama kuma. Kowa ya san kauci, dunƙulen ganyen nan da ke zaune a reshen ice, mai fure ja siriri kamar tsinken ashana. Ba shi da saiwa a ƙasa ko ɗaya. A reshe yake kafa ƙahonsa, wurin ya kumbura ya yi ƙulli, yana shan ruwa da gishirin da icen ya jawo. Shi ya sa da rani, in ice ya kaɗe ganyensa, za ka hangi kauci shar a kansa. Hausawa suna kiransa da sunan mai masaukinsa: kaucin kaɗanya, kaucin ɗorawa, kaucin tsamiya, kaucin gawo. Masu maganin gargajiya suna nemansa, makiyaya kuma kan sassaro shi su ba dabbobi a lokacin da ciyawa ta yi wuya.

Yadda yake yaɗuwa ma abin lura ne, domin tsuntsu biyu yake sa wa aiki. Na farko shi ne ɗan tsuntsun nan mai dogon baki da sheƙin gashi, wanda sunansa ma ya faɗi sana'arsa, wato sha-kauci. In ya zura baki don shan zaƙi sai furen ya tsage farat ɗaya ya watsa masa gari a ka, ya ɗauka ya kai wa wani furen. Na biyu su ne ƙananan tsuntsaye masu cin 'ya'yan itace. Sukan haɗiye 'ya'yan kauci, sannan su amayo ƙwallon, wanda ke lulluɓe da danƙo, su goge bakinsu a jikin reshe. Nan ƙwallon zai manne, nan zai tsira. Ku duba wannan hikima: da tsuntsaye zaman mutunci yake yi, kowa na samu, amma da icen da ya ɗauke shi zaman cuta yake yi.

Kauci ɗaya ko biyu ba sa kashe babban ice. Amma in suka yi yawa, ƙarshen reshe yakan bushe, 'ya'ya su ragu, a shekarar fari kuwa icen ya mutu. Binciken da aka yi a Burkina Faso a shekarun 1990 ya sami kauci a jikin mafi yawan itatuwan kaɗanya da aka duba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin man kaɗe da kalwa da daddawa su ne jarin iyayenmu mata, da su ake sayen littafi da kayan ɗakin amarya. Kuma yayin da gatari ke rage itatuwan gona, tsuntsayen nan sai su taru a kan 'yan kaɗan da suka rage, nauyin da itatuwa ɗari suke rabawa a da ya koma kan goma.

Duk da haka, kada mu yi saurin yanke masa hukunci. A ƙasar Ostireliya wani masani mai suna David Watson da abokin aikinsa sun sa an cire kauci ƙaf daga wasu dazuzzuka, aka bar shi a wasu. Sakamakon da suka buga a 2012 ya nuna cewa bayan shekara uku dazuzzukan da aka share sun rasa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ire-iren tsuntsayensu. Ashe ganyen da kauci ke zubarwa taki ne mai ƙarfi, yana tara ƙwari, ƙwari na tara tsuntsaye. Saboda haka a daji a bar shi ya yi aikinsa. A kan kaɗanya da ɗorawa da lemon gona kuwa a rage shi, a yanke reshen ƙasa da ƙullin kafin ya yi 'ya'ya, domin in aka karya ganyen kawai zai sake tohowa.

Gawo da Dangin Wake

Mun ga masu ci ba su biya. Bari mu ga masu biya har da gyara. In ka tuge gyaɗa ko wake ko waken suya ka duba saiwar, za ka ga wasu ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje. Gidaje ne na wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke kamo naitirojin daga iska su mayar da shi abincin tsiro, wato aikin da buhun yuriya ke yi, amma kyauta. Bugu da ƙari, saiwar gyaɗa da waken suya da auduga tana fitar da sinadarin nan mai tayar da ƙudujin hatsi, sai dai in ya tsira ba ya iya kama ta, sai ya mutu da yunwa. Masana na kiran wannan tsirar halaka. Ashe surkin hatsi da gyaɗa da wake, da juya shuka da iyayenmu ke yi, tarko ne suke ɗana wa ɓarawo. Wake ma yana yin wannan aiki, amma tunda yana da nasa ƙudujin, sai a nemi irin da ke jure masa.

Shi kuwa gawo dattijon gona ne. Shi ma dangin wake ne, kuma ɗabi'arsa ta saɓa wa ta sauran itatuwa: da damina ya zubar da ganye, da rani ya yi kore. Saboda haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyensa na zuba daidai lokacin da shuka ke bukatar taki, saiwarsa kuma tana nutsawa can ƙasa ba ta gasa da ta gero. Da rani dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Duk wanda ya ratsa gona a watan Agusta ya ga yadda gero ke yin duhu da tsawo a gindin gawo, kuma manoma sun shaida cewa ƙuduji ba ya sakewa a wurin. Ba banza ba sarakunan Damagaram na da suka kafa doka mai tsanani a kan sare shi. Buhun gawayin da muke saye a bakin titi in za mu koma birni, ya kamata mu tambaya daga wane ice ya fito.

Abin da Wasu Suka Yi

A 1956 aka gano wani nau'in ƙuduji ya shiga gonakin masara a jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka, har ya mamaye fiye da eka 400,000. Hukuma ta killace yankin, ta hana fitar da ƙasa da kayan aiki ba tare da an tsabtace su ba, aka riƙa hura wata iska mai suna etilin cikin ƙasa don ta yaudari ƙwayoyin su tsira su mutu. An share fiye da kashi 99 cikin ɗari, amma sai da aka yi shekaru gommai. Ba mu da kuɗinsu, amma darasin haƙuri da aiki tare ba ya bukatar dala.

A yammacin Kenya, a shekarun 1990, masana suna neman maganin tsutsar kara sai suka shuka wata ciyawa dangin wake mai suna desmodiyum tsakanin layukan masara. Ba zato sai suka ga ƙuduji ya ja da baya a gonakin. Dubban manoma a can sun rungumi dabarar. A Habasha kuma an haifi Gebisa Ejeta, wanda ya samar da irin dawa mai jure ƙuduji, har aka ba shi lambar yabo ta duniya kan abinci a 2009.

Kusa da mu, a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tun daga 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoma su daina ƙone tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi masu ƙarfi su gyara su su bar su su girma. Suka sa wa abin suna sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, kuma a kudancin Damagaram gawo ne ya fi yawa a cikinsu. Ba a kafa gandun reno ba, ba a yi ban ruwa ba. Hausawa ne 'yan uwanmu, ƙasarsu ma ta fi tamu ƙarancin ruwa. A Sadore kusa da Yamai kuma, masanan cibiyar ICRISAT sun nuna cewa ɗan takin zamani cikin murfin kwalbar lemo, in aka sa shi a ramin shuka, yana ɗaga amfanin gero ƙwarai, ga wanda ba shi da halin watsa buhu-buhu.

A gida Nijeriya, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, tare da cibiyar IITA ta Ibadan mai reshe a Kano, sun fitar da iri masu jure ƙuduji. A 2008 an saki waken SAMPEA 10 da masarar SAMMAZ 15 da SAMMAZ 16, wasu kuma sun biyo baya. Maganin yana nan kusa, mai kai shi ƙauye ake nema.

Ina Namu Aikin?

'Yan uwa, ƙungiyarmu ta saba da gina aji da haƙa rijiya da gyaran maƙabarta, Allah ya saka da alheri. Muna roƙon a sa ƙasar noma cikin jerin ayyukan, ta waɗannan hanyoyi:

1. Duk mai gonar gado da ke zaune a birni ya ɗauki nauyin takinta. Wanda aka ba aro ko haya na shekara ɗaya ba zai zuba taki a gonar da bai san ko za a bar masa baɗi ba. A tsawaita wa'adin zuwa shekara uku ko fiye, a sa taki da juya shuka cikin sharaɗi.

2. Ƙungiya ta tura wakilai Samaru ko ofishin malaman gona na jiha su sayo iri mai jure ƙuduji daga tushe mai aminci, a ba amintattun manoma su riɓanya shi, a kafa rumbun iri na gari.

3. A roƙi Mai girma Hakimi da Sarkin Noma su sa ranar gayya kowace shekara, a fita gaba ɗaya a tuge ƙuduji da zarar ya fara fure, kafin ya yi ƙwaya. A tara shi a rami a ƙone, kada a yar a kan kunya, domin yakan ƙarasa nuna ko bayan an tuge shi. A maimaita bayan girbi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gona ɗaya da aka ƙyale ta ishi unguwa.

4. Masu kiwon kaji da shanu a birane su tuna da gida. Motar da ta kai hatsi kada ta dawo fanko. A bar takin ya ruɓe sosai kafin a kai gona, kuma a tace shara daga leda da kwalba da batir.

5. A farfaɗo da dokar gari kan sare gawo da kaɗanya da ɗorawa, a koya wa matasa sassaben zamani da yanke kauci, a ba da kyauta a taron baɗi ga manomin da ya fi kowa renon itatuwa.

6. A raya gonar makaranta. A raba ta biyu, ɗaya dawa zalla ba taki, ɗaya dawa da gyaɗa da taki, a bar yara su ƙirga ƙuduji da dami da hannunsu. Abin da yaro ya ƙirga da kansa ba ya mantawa, kuma zai kai labari gida.

7. A nemi dattawan makiyaya da ke kewaye da mu a zauna, a maido da yarjejeniyar kara da taki ta hanyar da kowa zai amince.

Kammalawa

Ba za a ga ƙarshen ƙuduji a damina ɗaya ba, tunda ƙwayar da ke kwance a ƙasa ta shekaru ce. Amma in aka hana sabuwa zuba, aka tayar da tsohuwa ta mutu a gindin gyaɗa da waken suya, aka ƙosar da hatsi ya rage kira, to kowace shekara za ta fi ta baya. Sannu ba ta hana zuwa.

Wannan ƙasa ita ta ciyar da mu har muka yi karatu, da kuɗin gyaɗarta da audugarta aka saya wa da yawanmu akwatin tafiya makaranta. A cikin itatuwan da muka ambata, kowa ya zaɓi wanda yake so garinsa ya kwatanta shi da shi. Fatanmu shi ne mu zama gawo, wanda ke kawo inuwa da abinci a lokacin da sauran itatuwa suka bushe.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana amfanin gona, ya ƙara haɗa kanmu, ya ja zamanin Mai girma Hakimi, ya jiƙan magabatanmu da suka sare dajin nan suka bar mana gonaki, ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya.